Yaya da Ɗan Fashin Ingila

Ni na jawo, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Da ban ɗauko littafin nan daga kabad ɗin makarantarmu ba, wataƙila da Yaya ya rasa filin duk da haka, amma da ba ta wannan hanyar ya rasa shi ba.

Yayana bakanike ne. A shekarar da jak ya zame mota ta danne masa ƙafa, sai da ya yi wata biyu a kwance a barandar gidanmu a Zongo, unguwarmu ta Hausawa a Kumasi, ƙafar tana ɗaure cikin karan mai ɗori. Mutum ne da Allah bai halicce shi don zama ba. Kafin ya cika kwana uku ya riga ya yi faɗa da matarsa, da mai ɗorin, da mahaifiyarmu, har da kazar maƙwabta da ke shigowa tsintar tsaba. Ni kuwa malamar firamare ce a Asokore Mampong, Turanci nake koyarwa. Ina dawowa da la'asar Mma za ta tare ni tun daga ƙofa ta ce, "Je ki zauna da shi, ke ce mai baki. Ni ya ishe ni."

Zama da Yaya ba tare da abin yi ba azaba ne, shi ya sa na zo da littafin. Na yara ne, mai hotuna, bangonsa ya daɗe da yagewa. Ina karantawa ina juya masa da Hausa, don shi a aji huɗu ya yi sallama da boko ya bi Baba gareji. Labarin wani ɗan fashi ne na ƙasar Ingila a zamanin da, wanda hukuma ta kora, ya shiga daji da mutanensa. Yana tare masu hali ya ƙwace, ya raba wa talakawa. Idan ya busa ƙaho jama'arsa su taru. Sarkin ƙasar na gaskiya ya yi doguwar tafiya, azzalumai suna ta abin da suka ga dama a bayan idonsa. A ƙarshe sarkin ya dawo, ya gane gaskiya, ya yafe wa ɗan fashin.

Na zaci barci zai yi. Ina kaiwa ƙarshe ya ce in koma farko. A karo na uku shi ke gyara mini idan na tsallake wani wuri.

"Ticha," haka yake kirana idan yana jin tsokana, "wannan mutumin ba ɓarawo ba ne. Masta ne. Gareji gare shi, a daji kawai ya buɗe."

Masta shi ne abin da kanikawan Kumasi ke kiran babbansu. Na yi dariya har da hawaye. Shi bai yi ba, yana kallon rufin kwano yana gyaɗa kai.

Garejin namu yana gefen hanyar Suame, unguwar kanikawa, a wani fili mai gangara zuwa rafi, da bishiyoyin mangwaro uku. Filin ba namu ba ne. Wani dattijo Batone, ɗan asalin Asante, shi ya ba Baba aronsa tun kafin a haife ni, da baki kawai, babu takarda, babu sharaɗi. Baba ne ya ɗora wa kansa al'ada: duk Babbar Sallah zai yanke cinyar dama ta ragon layya, ya naɗe, ya kai wa dattijon har gida a Kwadaso. Da Baba ya rasu Yaya ya gaji garejin, ya gaji kai cinyar. A lokacin da nake magana mutum ashirin da wani abu ke cin abinci a filin nan: kanikawa, masu walda, mai fenti, mai gyaran wayoyin mota, da mata biyu masu sayar da koko da ƙosai da shinkafa da wake.

Ranar da Yaya ya koma aiki yana ɗingishi, ya tsaya a tsakiyar gawarwakin motocin nan ya ce daga yau sunan wurin Daji. Ya cire hon ɗin wata matacciyar lori ya ɗaure a jikin mangwaro, ya haɗa masa batir. Idan aka danna sau uku kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ya zo. Ya ƙirƙiro cin abinci tare duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a babban faranti, kuma shi ba ya sa hannu sai kowa ya ɗiba. Alhazai da manyan Tonawa masu manyan motoci kuwa suka fara jin jiki, don farashinsu daban ne. Direban trotro, ƙaramar motar haya, da kulocinsa ya ƙone yana da yara biyar a gida, abin da ya samu shi zai bayar. Na ce masa, "Yaya, wannan ai fashin ne da gaske." Ya ce in nuna masa Alhaji ɗaya da ya kwana da yunwa saboda shi.

Akwai wani mai walda, Bamoshe a ƙabila, ƙato kamar ƙofar gari, wanda suka taɓa rigima a kan wurin ajiye ƙarfe har ya ɗaga Yaya ya maka da ƙasa a gaban kowa. Shekara biyu ba sa gaisawa. Yaya ya tako da ƙafarsa mai ciwo har rumfarsa ya ce daga yau shi ne mataimakinsa. Da na tambaye shi dalili ya ce haka mutumin littafi yake yi, idan ya sami wanda ya fi ƙarfinsa ba ya barinsa ya tafi hannun wani.

Abin da ya fi alfahari da shi shi ne sanin wuri. Yakan ce ɗan fashin nan ba ƙarfi ya fi hukuma ba, daji ya fi su sani. Shi ma haka. Babu lungu, babu kwata, babu ɓarauniyar hanya daga Zongo zuwa Suame da Yaya bai san inda ta ɓulle ba. Idan hanya ta cushe shi direbobi ke kira a waya.

Kuma ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi aiki. Faɗa ya ragu a garejin, sata ta ɗauke, aiki ya ƙaru. Ni ma kaina ya kumbura. Har a ɗakin malamai na riƙa ba da labari, wai ga amfanin karatu, littafi ɗaya ya gyara gareji guda. Idan na tuna yadda nake faɗin haka ina karkaɗa cokali a kofin shayi, sai in ji kamar in mari kaina.

Sai dattijon ya rasu.

Tonawa ba sa binne mamaci a ranar kamar mu. Ana ajiye gawa a ɗakin sanyi, dangi su yi zaman mako, a sa ranar jana'iza can gaba, sai na nesa sun hallara. Ta dattijon wata huɗu aka sa, saboda ɗansa yana Turai. Ɗan nan sa'an Yaya ne. A garejin ya tashi, ya ci tuwon Mma har ba adadi, yana jin Hausa, kuma da ɗan'uwa suke kiran juna. Ya fi shekara goma bai zo gida ba.

Sati biyu da zaman makon, wani mutum mai farar riga ya shigo Daji da masu awon fili da gwangwanin jan fenti. Ɗan ƙanwar marigayin ne. Bai yi rashin kunya ba, ya gaida kowa. Ya ce dangi sun yanke shawarar sayar da filin, za a gina shaguna, su fara neman wuri.

Na zaci Yaya zai dawo gida a karye. Ya shigo idanunsa suna ƙyalli, kuma wannan ƙyallin ne ya tsorata ni.

"Ticha, kin gani? Sarki shina tafiya, azzalumi ya hau kujera. Aikinmu ɗaya ne, mu riƙe Daji har shi dawo."

Mma tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ka sayi goro, ka ɗauki dattawa biyu, ka je wajen uwar mai farar rigan nan. Mutanen nan ƙasarsu ta ɗakin uwa ce. Tsohuwar za ka gani, ba ɗan Turai ba."

"Mma, a garin nan aka haife ni. Na san wofase shina cin gadon kawunsa, wa bai sani ba? Amma wannan da ne. Yanzu doka ya canza. Abin da mutum ya saya da guminsa, ɗansa ne shina ci. Ko ba haka ba, Ticha?"

Wofase shi ne ɗan 'yar'uwa a Tonanci. Su biyun suka zuba mini ido, ni mai takarda. Abin da ya faɗa gaskiya ne, na taɓa ji, don haka na ce haka ne. Ban tambaya ko dattijon sayen filin ya yi ko gadonsa ya yi ba. Tambaya ce ta kalma biyar, ɗalibina na aji uku zai iya yin ta. Mma ta dube ni, ta hura ƙaiƙayi daga faifai.

Daga nan aka shiga yaƙi irin na Yaya. Mai koko ta matsar da teburinta bakin mararraba, duk baƙuwar motar da ta karyo sai ta kira waya, a danna hon. Masu awo suka shafa jan fenti a bango da safe, kafin azahar mai fentin gareji ya bi ya rufe da shuɗi. Da suka dawo, Yaya ya sa aka shimfiɗa musu benci a inuwa, aka cika musu kwano da shinkafa da wake har da ƙwai da taliya, don wai mutumin littafi ba ya barin abokin gaba ya tafi da yunwa. Suka ci, suka yi hamdala irin tasu, suka tafi ba su buga turke ko ɗaya ba.

Ranar da aka fara turo katafila, direban ya tarar da matattun lori uku marasa taya a gicciye a mashiga. Yana tsaye yana waya, Bamoshen ya lura tiyon man katafilar yana ɗiga. Suka kwance, suka gyara masa kyauta, suka ba shi koko. Mutumin ya juya da abarsa yana ɗaga musu hannu. A ranar labarin ya zagaye Zongo. Matasa suka riƙa ɗaga wa Yaya hannu a hanya suna kiran Masta, Masta. Mata a wajen famfo suna ce mini yayanki namiji ne. Ni kuma ina murmushin yaƙe.

Abin da ke damuna shi ne wayar. Duk Lahadi Yaya yakan kira ɗan dattijon, ya buɗe murya don kowa ya ji. Kullum amsar ɗaya ce: "Ɗan'uwa, ina zuwa. Ka bari in zo, za mu yi magana." Yaya alkawari yake ji a ciki. Ni muryar mutumin da ya gaji nake ji, wanda yake so a ajiye waya.

Wata rana na fito daga makaranta na tarar da Bamoshen a bakin ƙofa, ya cire hularsa yana murzawa. Ban taɓa ganinsa a wajen gareji ba.

"Madam, ki yi wa Masta magana. Mai farar rigan nan ya aiko sau biyu, ya ce a zo gida a zauna. Masta ya ce ba shi zama da ɓarawon kujera. Ni ba na iya faɗa mishi, zai ce na ji tsoro. Mu duka muna bayanshi, amma yara muna da su."

Na yi masa magana a ranar. Na zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, na fara da yabo, na zagaya, na zagaya, sannan na ce ko don ladabi ya je ya gaida tsohuwar. Ya saurare ni har na gama.

"Ke kika karanta mini," ya ce. "A wane shafi ne ya je ya durƙusa wa azzalumi?"

Na ce littafin yara ne, Yaya, tatsuniya ce ta wata ƙasa mai sanyi, su can ɗa ke gadon uba tun fil azal. Ya ce to ai shi ma abin da yake faɗa ke nan. Na ji kamar in ɗauko littafin in cusa a murhu. Amma ko na ƙona, ya riga ya haddace. Na koma ɗaki na yi kuka na haushi, ba na tausayi ba, haushin kaina da haushinsa da haushin Baturen da ya zauna ya zana hotunan nan masu kyau.

Ranar jana'izar Asabar ce. An kafa rumfuna a filin wata makaranta a Kwadaso, ko'ina ja da baƙi, ganguna suna tashi. Yaya ya sa mutanensa duka suka sa baƙaƙen kaya, suka jeru a bayansa. Ni da Mma muna can baya. Ga wanda bai sani ba, a irin wannan taro dangin mamaci suna zama a jere, mai zuwa gaisuwa yana farawa daga hannun dama, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba da hannu, ba a tsallake kowa. Duk yaron Kumasi ya san wannan, Musulmi ko Kirista.

A farkon layin wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce a zaune cikin baƙin zane, kusa da ita mai farar riga, yau shi ma cikin baƙi. Ɗan marigayin yana can wajen kujera ta bakwai ko ta takwas. Na ga tsohuwar ta ɗago hannu tun Yaya bai ƙaraso ba. Yaya ya ga mai farar riga, ya ɗauke kai, ya yanke ya wuce su duka biyun, ya nufi ɗan'uwansa. Mutanensa kuma, da ya shekara uku yana koya musu bin sawun shugaba, suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Mutum ashirin suka wuce hannun nan yana miƙe. Ta ɗan jira, sannan ta mayar da shi kan cinyarta ta gyara zane. Mma ta damƙi wuyan hannuna har sai da farcenta ya shiga.

Ɗan marigayin ya rungume Yaya yana kuka na gaske. Daga baya ya ja shi bayan rumfa, na bi su don ba zan iya tsayawa ba. Hausarsa ta yi tsatsa amma ta fito.

"Ɗan'uwa, filin ba na Papa ba ne. Bai saya ba. Gonar uwar Papa ne, na dangin uwa ne, riƙo kawai ya yi. Ni ba ni da ko taku ɗaya a ciki."

"To ka yi magana mana. Kai ne ɗa."

"Na yi. Sun ce in yi kukan ubana in koma aikina. Kujerar da na zauna yau ma su suka nuna mini. Na kasa faɗa maka a waya, kunya nake ji."

Yaya ya tsaya yana kallonsa. Ga sarkin da ya yi wata huɗu yana jira, da baƙin zane yana zame masa daga kafaɗa don ya manta yadda ake ɗaurawa, da tikitin komawa a aljihu. Ganguna suna ta yi. Yaya ya gyara masa zanen a kafaɗa, ya ce Allah ya ba da haƙuri.

Ranar Talata ni da Mma muka sayi goro da turmin atamfa muka tafi wajen tsohuwar, ba mu gaya wa Yaya ba. Gidanta yana layi ɗaya da na marigayin, ƙofa biyu kafin a kai nasa, mai koren ƙyaure. Ta karɓe mu, ta sa aka kawo ruwa, ta jira muka sha, sannan ta tambayi abin da ke tafe da mu kamar yadda suke yi. Mma ta iya Tonanci kamar a cikinsa aka yaye ta. Ta ba da haƙuri, ta ce yaro ne, zafin kai ne, a dubi zaman shekaru.

Tsohuwar ta saurara tana murza goro ɗaya a hannu. Sannan ta ce ta san Baba tun yana saurayi, baƙo, da akwatin kayan aiki a ka. Motar da ke ɗaukar mata rogo zuwa kasuwa ce ta mutu a hanya, ya gyara bai karɓi komai ba. Ita ta je ta ce wa yayanta a ba Bahaushen nan gefen gonar uwarsu ya riƙa aiki. Yayanta namiji ne, shi ya yi maganar, shi aka gode wa.

"Duk Sallarku ina zaune a ƙofar nan nake ganin nama yana wucewa," ta ce. "Uban ya wuce da shi, ɗan ma ya wuce da shi. Ban taɓa jin haushi ba, ba nama na rasa ba. Da za a sayar, na ce wa ɗana a bar musu gefen rafi, wajen mangwaron, idan sun zo. Ya aika sau biyu. Na jira tun zaman mako. Ranar Asabar da na gan shi tafe da mutanensa na ce to, ga shi ya zo."

Ba ta ƙarasa ba, ta dubi tafin hannunta. Mma, da shekarunta da ciwon gwiwarta, ta sauka daga kujera ta durƙusa a kan siminti. Ban taɓa ganin uwata a ƙasa gaban wani ba sai a sallah. Tsohuwar ta yi sauri ta kama ta, suka riƙe juna su biyu suna hawaye. Amma ta ce jiya Litinin aka sa hannu, filin duka, har rafin. Dangi sun ga abin da aka yi mata a gaban jama'a, ba wanda ya yarda a ƙara jira, ita ma ba ta hana ba. Ta karɓi goron, ta mayar mana da atamfar.

Muka hau trotro muka kamo hanyar gida. Ina ta neman wanda zan ɗora wa laifi in huta, na rasa. Mai farar riga ya aika sau biyu. Tsohuwa ta jira. Ɗan Turai ba shi da iko. Yaya kuwa duk abin da ya yi don mutanensa ya yi. Duk inda na juya sai in dawo kan kaina, ina zaune a baranda ina cewa haka ne.

Ni na gaya masa, don Mma ta ce ba za ta iya ba. Na faɗa masa duka, har maganar gefen rafin. Da ya yi ihu, da ya zage ni, da na ji sauƙi. Sai kawai ya tambaya, "Wajen mangwaron?" Na ce e. Ya ce wajen ya ishi mutum goma sha biyu. Ya tashi ya ɗauki buta.

Katafilar ta dawo bayan sati uku, da safe, wannan karon da takarda da jami'ai. Yaya ya danna hon sau uku. Na je wurin, na yi ƙaryar ciwon kai a makaranta. Da a ce mutanensa ba su zo ba, da na ce ai haka mutane suke. Amma duka suka zo, har masu koko, suka tsaya a bayansa, Bamoshen yana riƙe da guduma. Kalma ɗaya suke jira. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce kowa ya kwashe kayan aikinsa, kada wanda ya taɓa kowa. Bamoshen ya ce, "Masta." Yaya ya ce, "Na ce ku kwashe." Ya taya kowa lodi, shi ya fita ƙarshe, da hon ɗin a hammata. Ban tsaya ganin mangwaron ba.

Mutanen suka watse. Bamoshen ya sami rumfa a cikin Suame, wasu suka koma ƙarƙashin wasu mastoci, mai gyaran waya ya koma arewa wajen danginsa. Ɗaya daga cikin masu kokon har yau ba ta sami wurin kafa tebur ba, a ka take yawo da shi. Yaya yana aiki a bakin titi da akwatin Baba, duk inda mota ta mutu aka kira shi. Har yanzu matasa suna ce masa Masta, yana amsawa ba tare da ya juyo ba. Littafin na mayar kabad, na tura shi can ƙarƙashin tsofaffin rajistoci. Ba mu ƙara maganarsa ba.

Da Babbar Sallah ta zagayo ya yi layya da ɗan ƙaramin rago. Ina tsakar gida ina wanke hanji, ina kallonsa yana fiɗa. Hannunsa ya tafi da kansa, ya zare cinyar dama, ya naɗe ta a takarda, ya sa a leda, ya ɗaure. Sai da ya miƙe da ita ya kai bakin ƙofa sannan ya tsaya. Mma ta daina abin da take yi. Ya daɗe a tsaye, ledar tana lilo a hannunsa, jini yana taruwa a gindinta.

Ya juyo, amma bai dube ni ba.

"Ticha, ƙofar tsohuwar, wanne ne?"

Mutumin da direbobin Kumasi ke kira don ya nuna musu hanya ke nan. Sallah goma sha ɗaya yana bin layin nan da nama a hannu. Na ce masa ƙofa biyu kafin ta marigayi, mai koren ƙyaure, akwai benci a gaba. Ya maimaita a hankali, koren ƙyaure, benci, kamar yadda yakan maimaita sunan kayan mota don kada ya manta. Na ce ko in raka shi. Ya ce a'a.

Ya fita yana ɗingishi. Na koma kan hanjina, ruwan ya riga ya huce.